Soron Maigandi Magini

A unguwar Ƙofar Marke ta Sakkwato, idan hadari ya haɗo kowa gida yake nufa, amma Maigandi magini lokacin ne yake fita. Sai ya naɗe wandonsa zuwa gwiwa, ya kifa malfa, ya rungumi ƙwaryar ƙaiƙayi ya shiga lunguna. Inda ya ga ruwa ya taru sai ya watsa ƙaiƙayi kaɗan, ya bi shi a baya yana kallon inda zai nufa. Masu fakewa a zauruka su yi ta yi masa tsiya, wani ya ce kajinsa ne suka ɓata, wani ya ce zawarcin aljanar ruwa yake yi. Shi dai ƙaiƙayinsa yake bi. Da rani kuwa, duk wanda zai ta da katanga cikinsu, Maigandin dai yake aikawa a kira.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa duk kanta. Ba shi da sarauta, ba ya cikin masu yi wa manya aiki, ginin talakawa yake yi. Amma ga taurin kai. Ko za ka yi masa kuka ba ya kafa maka indararo ya fuskanci katangar maƙwabcinka, kuma ba ya yarda a ci lungu ko da taki ɗaya. Illo mai hatsi ya taɓa gwada shi. Ya ja layi a ƙasa, ya turo katangarsa kamu guda cikin hanya, ya ce a gina. Maigandi bai yi musu ba. Ya kafa sanduna a kan layin, ya sa aka ɗora wa jakin Illo taiki biyu na gero, ya koro shi ta wurin. Jaki ya zo ya maƙale, ba gaba ba baya.

"Malam Illo, jakinka na wanga?"

"Nawa na."

"To shi dai bai yarda ba. In kun shirya da shi, ka aiko a kira ni."

Illo ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwarsa, amma katanga a wurinta na dā ta tsaya.

Akwai wani babban kududdufi a tsakiyar unguwar. Daga nan magina ke haƙar ƙasar tubali da rani, da damina kuma ruwan lunguna uku ya gangaro ya kwanta a ciki. Kowace shekara kafin ruwan fari Maigandi ne ke bin gida gida yana kiran gayya a yashe magudanai, yana cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Babu wanda ya ɗora masa wannan aiki. Ya ga ubansa yana yi, shi ma ya ci gaba.

Abin dariyar shi ne, mutumin da ya rufa wa rabin unguwa ɗaki, shekara ashirin da biyu shi da matarsa Kaltume suna kwana a ɗakin ciyawa mai yoyo. Kaltume mace ce mai baki. Takan ce wa maƙwabta duk Sakkwato babu wadda ta kai matar magini iya tara ƙwarya a tsakar ɗaki. Maganar tana cinsa, ko da yake murmushi kawai yake yi. Daga baya ya ɗaura niyya. Rani uku ya yi yana tara tubali da azara, yana ɗan taɓa aikin idan ya dawo daga na mutane, har ya tayar mata da soro mai rufin bakan gizo, ya shafe shi da makuba. Ba a taɓa ganin irinsa a gidan talaka a unguwar ba. Kaltume ta yi jerenta na tasoshi da ƙorai har kusa da rufi. Ranar da aka yi ruwa na farko a kansa sai da ta kira matan maƙwabta su zo su zauna, su duba ko akwai inda ke ɗiga. Maigandi yana daga waje yana jin shewarsu, daɗi ya cika shi har bai san inda zai sa kansa ba.

Damina ɗaya suka yi a ciki.

Shekara goma sha wani abu ke nan da shigowar Nasara garin. Wata safiya da bazara sai ga likitansu a kan doki, da tafinta da dogari. Ya sauka a bakin kududdufin, ya sa aka ɗebo masa sauran ruwan da ke ƙasa a moɗa, ya nuna wa mutane 'yan tsutsotsin da ke wutsil-wutsil a ciki. Tafinta ya ce waɗannan ne ke zama sauro, sauro kuma shi ke kawo zazzaɓi. Jama'a suka kalli juna suna danne dariya. Maigandi bai yi dariya ba, don ya daɗe da lura cewa gidajen bakin kududdufi sun fi kowa binne yara da kaka. Kwana uku bayan haka umarni ya iso hannun Hayatu mai unguwa: a cike ramin kafin ruwa ya sauka.

Hayatu dattijo ne mai hankali. Ya san ba a ja da umarnin da ya fito daga bariki, ya kuma san cike rami ba ya hana sama zubarwa. Ya kira Maigandi zaurensa.

"Kai kas san halin ruwan unguwag ga. In munka cike, ina za shi bi?"

Maigandi ya sani sarai. Tun yana yaro ubansa ya nuna masa cewa kafin a haƙa kududdufin, ruwan unguwar yana da tsohuwar hanyarsa, wadda ta ratsa ta filin gidansu ta fita ta wani giɓi a ganuwa ta faɗa fadama. Da rami ya tsare ruwan sai hanyar ta mutu, aka manta da ita. Soron Kaltume kuwa a tsakiyarta yake zaune daram, a kan harsashin marmara da shi da kansa ya ɗaga. Idan ruwa ya zo ya tarar da shi, zai juya ya gangara lungun masaƙa, inda akwai ƙananan gidaje goma sha biyu masu tsofaffin katangu.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka shi daɗe, Allah shi as sani. Sai mun ga ruwan fari."

Ba za mu rufa masa ba, wannan ƙarya ce, kuma ita kaɗai aka taɓa kama shi da ita. Ya yi ta ne don yana son ɗakin nan, yana kuma son farin cikin da ya gani a fuskar matarsa.

Aka yi gayya aka cike kududdufi. Maigandi ya rame. Kullum da la'asar a gan shi yana zagaya bayan gidaje, yana auna gangare da ido, yana neman wata mafita. Ta bayan gidan Illo tudu ne. Ta wajen masallaci dutse ne. Ya haƙa wata 'yar magudana ta gefen lungun masaƙa, yana haƙa yana sane da cewa ko ruwan wankin tukunya ba za ta iya ɗauka ba.

Ruwan fari da na biyu yayyafi ne, ƙasa ta shanye. Na uku ya sauko bayan azahar kamar da bakin ƙwarya. Maigandi ya fita da ƙaiƙayinsa, ya watsa a inda kududdufi yake a dā. Ƙaiƙayi ya miƙe sak zuwa bayan soronsa, ya yi juyi biyu a gindin katanga, ya karkata ya nufi masaƙa. Ya bi shi da gudu. Kafin ya kai ƙarshen lungun ya ji rugugin faɗuwar gini. Ɗakin Dije ne, wata tsohuwa mai kaɗi da ba ta da kowa. Allah ya sa ta riga ta fito. Ya same ta tsaye cikin ruwa har gwiwa, ta ɗora kwandon audugarta a ka, tana rawar sanyi.

"Sannu da ruwa, Maigandi," in ji ta. "Kai da kas san halinai, mi munka yi mai haka?"

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya goya ta ya kai ta zauren Hayatu, ya juya gida.

Kaltume tana zaune a soronta, ko ɗigo bai taɓa tabarmarta ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ruwa na zuba daga jikinsa, ya gaya mata komai, tun daga abin da ubansa ya nuna masa har ɗakin Dije.

"Malam, tun yaushe kas sani?"

"Tun ran da anka ce a cike."

"Ashe kwana arba'in kana cin tuwona da wagga magana a ciki. Da ɗakinta ya faɗa bisa tsohuwag ga, da wane ido za ni kallon mata?"

Ta miƙe ta fara sauke jerenta, tasa bayan tasa. Tana yi tana kuka, ba ta kuma ɓoye ba. Da ya matso zai taya ta sai ta ce ya bari, ita ta jera, ita za ta sauke.

Washegari da hantsi ya je zauren Hayatu, jama'a cike ana maganar ɓarnar jiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, ran da kat tambaye ni na sani, niɓ ɓoye. Hanyar ruwa ta tsakar gidana take, sorona na at tsare ta." Hayatu ya tausaya masa, ya tambaya ko za a fasa kusurwa ɗaya kawai a bar sauran. Maigandi ya girgiza kai, ya ce ruwan lungu uku ba ya bin kusurwa.

Bai yarda wani ya sa wa ginin hannu kafin shi ba. Shi ya hau da dagi ya fasa rufin, ya zare azarorin ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka kai su wurin Dije don a rufa mata sabon ɗaki. Abin da ya ci rani uku, kwana uku ya zama tarin ƙasa. Daga nan ya ja hanyar ruwan tun daga tsohon kududdufi har giɓin ganuwa. Ya yi tsakiyarta kwari ya shimfiɗe da marmara, ya ɗaga gefe ɗaya yadda mai tafiya da kaya zai wuce ko ana ruwa. Illo, wanda babu wanda ya roƙa, ya aiko da jakunansa shida suka yi mako suna jigilar dutse.

Ruwan da aka yi a watan marka na shekarar ya fi na farkon nesa ba kusa ba, amma ko katanga ɗaya ba ta faɗi a lungun masaƙa ba. Da rani ya shigo sai ga wani amfanin da babu wanda ya yi tunaninsa. Masu lambu da masu itace da mata masu ɗebo ruwa, waɗanda a dā sai sun yi dogon zagaye ta ƙofar gari, suka mai da wurin hanyarsu. Wata ta kafa teburin ƙosai a bakinsa, wani ya dasa ɗurumi. Ba a jima ba aka fara ce masa Lungun Maigandi.

Shi da Kaltume suka koma ɗakin ciyawa, a ɗan abin da ya rage na gidan, zana ce kawai tsakaninsu da masu wucewa. Ya yi ta cewa zai sake wani soron, amma baya ya riga ya gaji, wurin ma babu. Kaltume ta ci gaba da tara ƙorai idan ana ruwa, sai dai ba a ƙara jin ta yi masa tsiyar yoyo ba.

Shekara goma sha ɗaya ya yi bayan haka. Duk shekara yana kiran gayya, yana shiga kowace magudana da kansa, ban da wannan. Idan aka zo kanta sai ya tsaya a baki yana nuna wa mutane inda za su yashe. In zai je fadama kuwa, ta bayan gidan Illo yake zagayawa, ga tsufa ga ciwon baya. Hayatu ya taɓa ce masa wannan wace irin wahala ce, hanya ga ta a ƙofar gidansa.

"Ranka shi daɗe, kowa hanya yaka gani," in ji shi. "Ni ban iya taka makwancin iyalina."

Ya rasu da rani, wata Alhamis da safe. Aka yi masa sutura, aka sallace shi a ƙofar gida. Maƙabarta tana bayan ganuwa, kuma lungun ne hanya mafi kusa. Masu ɗauke da makara suka zo bakinsa suka ja suka tsaya, don babu wanda bai san mutumin da suke ɗauke da shi bai taɓa bin wurin ba. Wasu suka ce a zagaya yadda ya saba. Hayatu yana dogare da sanda, ya rasa abin da zai yanke.

Sai muryar Kaltume ta fito daga bayan zana.

"Ku bi da shi nan. Shi yag gina, damana guda yak kwana ciki. Ku bar shi shi shiga ɗakinai."

Na gaba ya sunkuya ya tuɓe takalmansa, sauran ma suka tuɓe, suka shiga da shi.