Sunan da Alhaji Ya Ƙi Kira a Lasifika

Akwai abin da ya faru a shekarar da na gama bautar ƙasa wanda, komai daɗewar zamani, ba zai fita daga raina ba. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Zan kuma yi ƙoƙarin raba abin da na gani da idona da abin da aka gaya mini, domin rashin yin hakan ne ya jawo duk abin da zan ba da labarinsa.

A lokacin ni ne sakataren wata ƙungiyar manoma a Malumfashi. An ba ni aikin ne saboda karatuna, ba don na san mutanen ba, tunda a Kaduna na girma. Shugabanmu wani dattijo ne da kowa ke kira Alhaji. Bayan kaka muka shirya taron karrama waɗanda suka fi noma masara. Ni na rubuta jerin sunayen, ni kuma na ɗauki bidiyon taron da wayata.

Alhaji ya riƙa kiran kowa da cikakken sunansa, mutum ya fito su yi musabaha, ya karɓi takardar yabo. Da ya zo kan na huɗu sai ya tsaya. Ya dubi takardar, ya yi gyaran murya, ya ce, "Sai ɗan wajen Alhaji Bayarabe na bakin kasuwa." Wani magidanci ya fito, ya cire takalmi, ya durƙusa. Alhaji bai ba shi hannu ba, ya miƙa masa takardar yana duban gefe.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na san a garin aka haifi mutumin, Hausarsa ma ta fi tawa. Na kalli bidiyon na sake kalla, na gwada shi da jerin sunayen, na tabbatar babu wanda aka tsallake sunansa sai shi. Sannan na sa bidiyon a shafin sada zumunta, na rubuta cewa an hana ɗan gari suna da hannu saboda asalin iyayensa. A ganina na yi bincike. Yau na san cewa wayata kawai na bincika.

Kafin kwana biyu magana ta cika gari. Wasu na cewa ƙabilanci ne tsagwaronsa. Wasu na cewa durƙuso gadonmu ne, wanda bai so ba ya koma inda ya fito. 'Ya'yan 'yan kasuwar kudu, Musulmi da Kirista, suka riƙa kawo labarin wulaƙancin da aka taɓa yi musu, kuma ban ga dalilin ƙaryata su ba. Matasan ƙungiya suka yanke cewa a taron ranar Asabar za a sauke Alhaji daga kujerarsa, aka ce ni zan rubuta takardar koke.

Na rubuta. Amma na ce ba zan miƙa ta ba sai wanda aka yi wa laifin ya sa hannu, ya kuma duba ko na rubuta sunansa daidai. Na hau babur na same shi a gonarsa wajen garin Ƙarfi, ana ɗura masara a buhuna. Kwanakin nan duk yana can, ƙaramar waya ce a hannunsa, bai ga komai ba. Na nuna masa bidiyon, na karanta masa takardar. Ya fara dariya, can kuma dariyar ta ɗauke.

"Malam sakatare, kai ka rubuta wannan?"

Na ce ni ne.

"To, duk karatun nan naka, ka tambayi sunan wa aka sa mini?"

Ya zaunar da ni a kan buhu ya yi mini bayani. Lokacin da mahaifinsa ya zo daga kudu da kayan tireda, mahaifin Alhaji ne ya sauke shi a gidansa, ya kuma ba shi wurin kafa shago. Mahaifin Alhaji ya rasu ana saura 'yan kwanaki a haifi manomin, sai aka mayar masa da sunan marigayin. "Tun ina rarrafe Alhaji bai taɓa kiran sunana ba. Babana yake ce mini. Kai ka rubuta masa sunan ubansa, ka ba shi lasifika a gaban baƙi, ya yi yaya? Hannu kuwa, a gidansa na yi wayo. Kai kana musabaha da wanda ya goya ka?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni ma ban taɓa jin mahaifina ya kira sunan kakana ba, amma ban kawo wannan a raina ba. Da zan tafi ya ce, "Ƙabilanci kam akwai shi. Ka zo in kai ka ofishin ba da takardar shaidar ɗan asalin gari, inda ake tambayar 'ya'yana garinsu. Amma ba a gidan Alhaji ba."

Daga gonar ban zarce ko'ina ba sai gidan Alhaji. Na durƙusa na faɗi laifina, na roƙe shi ya yi wa mutane bayani ranar Asabar. Ya ce, "Yaro, in ce musu me? Ba za su yarda ba sai na kira sunan, ni kuwa har na tsufa bakina bai furta shi ba. Kujera ba za ta sa in fara ba."

Sai na ƙudurta cewa tunda ni na ɗaura, ni zan kwance. Na cire rubutun, na sa gyara. Abokaina suka ce an saye ni. Ranar Asabar aka kira ni in karanta koke, na miƙe, na ce ba zan karanta ba, na faɗi yadda abin yake tun daga farko. Wani matashi ya katse ni. "Tatsuniya ke nan! In gaskiya ne, Alhaji ya kira sunan yanzu mu ji, magana ta ƙare."

Alhaji ya miƙe tsaye. Ya sa hannu a aljihu ya ciro hatimin ƙungiya, ya ajiye a kan tebur, ya fara neman takalminsa.

Daga bayan ɗakin aka ɗaga murya. Manomin nan ne, da ƙurar gona a jikinsa. "Wa zai tilasta wa ɗana ya kira sunana? Ni da nake uban ban nema ba, sai kai?"

Sai dattawa suka fashe da dariya. Alhaji ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce, "Babana, ya isa. Zauna." Na ɗauki hatimin na mayar masa da hannu biyu, na yaga takardar koken a gaban kowa.

Alhaji ya ci gaba da shugabanci. Sai dai gyaran da na rubuta bai kai inda zargin ya kai ba, kuma an gaya mini har ya rasu akwai waɗanda suka san shi da abin da bai yi ba. Wannan nauyin nawa ne. Ofishin nan kuwa mun je tare da manomin, ba sau ɗaya ba, har 'ya'yansa suka sami takardarsu.

Abin da na koya shi ne, duk abin da na rubuta ranar farko ya faru: an tsallake suna, ba a ba da hannu ba. Amma ma'anar da na ɗora masa ƙarya ce. Tun daga lokacin, ba na tsaya wa mutum a kan wulaƙanci sai na taka na same shi, na tambaye shi ko wulaƙancin aka yi masa.