Dattijon da Ya Cire Takalmi a Silima

Tun daga ƙofa mai karɓar tikiti take lura da shi. Dattijo ne siriri, kafaɗa a miƙe, gaɓoɓin yatsunsa duk sun yi kanta. Yana zama ya cire takalmansa ya jera su gefe, kamar mai shiga ɗakin horo. A ranta ta ce wannan tsohon malamin karate ne, wataƙila ma kashi na farko na fim ɗin ne ya ja shi tun yana saurayi.

Kashi na biyun da ake nunawa kuwa don 'yan ƙasar waje aka yi shi. Jarumin yana magana da harshen da ba nasa ba, motoci sai fashewa suke yi. Dattijon yana kallo, hannu bisa gwiwa, ko motsi babu. Da jarumin ya faɗa ɗakin malaminsa da takalmi, ko rusunawa bai yi ba, sai dattijon ya sunkuya ya mayar da nasa, ya ɗaure igiyar a hankali.

Ta matso, ta yi ƙasa da murya. "Baba, fita za a yi? Da saura fa."

"A'a, 'yata, ina nan," in ji shi, idonsa na kan majigi. "Ƙasan ce ta yi sanyi."