Man da Buba Ya Kira Ruwa

A Gomben da na tashi, ba a tambayar man inji sunansa, kaurinsa ake dubawa. Yau kuwa sai ka ga dattijo tsaye a shago yana karanta bayan galan kamar mai sayen magani.

Baffana direban babbar mota ne, yana kwaso auduga daga ƙauyuka. Gidanmu a Tudun Wada yake, kuma ranar juyen mai ranar biki ce a wurin yara. Da hantsi Malam Jauro makanike zai shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motar, ni da ɗansa Buba muna riƙe da tsohuwar tasa muna tarar baƙin mai. In an fasa sabon gwangwani sai ya ɗiga a yatsa ya murza, in ya ji danƙo kamar zuma ya ce, "Wannan shi ne tuwon inji." Tsohon man ma ba a zubar da shi. Inna ta shafa wa azarar ɗaki saboda gara, dangin Baffa su zo daga ruga da kwalba saboda kaskar shanu, abin da ya rage mu ɗiga wa ƙafafun motocinmu na gwangwani, mu ja su har bakin kwari, mu dawo mu sha faɗa a kan riguna.

Daga baya aiki ya kai ni Duwala da Jidda. A can, da Faransanci ko da Larabci, abin da makanike ke fara dubawa ɗaya ne: lambar da kamfani ya rubuta a murfin injin. Hanyoyin mai a sababbin injuna sirara ne, mai kauri ba ya isa sama da wuri, sai ƙarfe ya ci ƙarfe.

A shekarun tashin hankalin nan, ƙanwata Hajara ta kira daga Biu ta ce a zo a ɗauke ta da yara. Sojoji na rufe hanya da la'asar, kuma motar da ta mutu a wannan dajin ba mai tsayawa ya taimake ta. Tawa motar 'yar Kwatano ce, lokacin juyen manta ya wuce. Na kai wa Buba, wanda ya gaji garejin mahaifinsa, ya kuma yi furfura kamar ni. Ya ɗauko mai kauri. Na nuna masa murfin, na ce sai wanda ya dace da lambar. Muka zaga shagunan Pantami babu, sai wajen unguwar Federal Low-Cost muka samu, hantsi ya riga ya ɗaga.

Ya buɗe, ya leƙa, ya kalle ni. "Hamma, ruwa za ka ba ta ta hau dutsen Biu?"

Na ce masa haka masu ita da suka ƙera ta suka ce.

"Masu ita sun taɓa bin hanyar Biu?"

Ya zuba, ransa bai so ba. Sai ya kwashi sifanoninsa ya jefa a bayan mota, ya buɗe gaba ya zauna. "Mu je. In ta tsaya, kada ka tsaya kai kaɗai."

Ba ta tsaya ba. A dawowa mun wuce shingen sojoji na ƙarshe ana shirin rufe shi, yaran Hajara na barci a baya, Buba ya kasa kunne ga injin tun daga Biu.

Har ya rasu bai yarda da man ba, ya dai riƙa saye saboda masu kawo masa aiki. Motocin da ya koyi sana'a a kansu sun ƙare a titunan Gombe, kuma ba za su dawo ba.