Abokin Rami

Shekaranjiya a kasuwar Zuru wata mai sayar da daddawa ta buɗe ɗan gwangwanin man zafi tana shafa wa gwiwarta. Warin ya bugi hancina, sai na tsaya cak da ledar tumatir a hannu, har matar ta ɗago ta ce, “Malam, lafiya dai?” Na ce lafiya lau, na wuce. Ta ina zan fara yi mata bayani? Warin nan ɗakin kakarmu ya mai da ni, shekara talatin baya, ina kwance rub da ciki, ƙanena yana kwance a gefena, tsohuwa tana bin shatin bulala a bayanmu da man zafi haɗe da man kaɗe, tana zagin ɗan da ta haifa da cikinta.

Bari in gaya maka yadda gidanmu yake, don ka fahimci sauran. Gida ne babba a gindin dutse, ta hanyar Dabai, kuma duk namijin da ya tashi a cikinsa soja ya zama. In ka shiga ɗakin kaka hotuna ne jere a bango, kowa da hula a karkace da fuska a murtuke, kamar mai hoton ne ya ci musu tuwo. Mahaifina yana bariki can kudu, sai shekara-shekara muke ganinsa. Wanda ke riƙe da gidan shi ne wansa, wanda ya bar aiki da igiya uku, mu da mutanen unguwa duka Baba Saja muke ce masa. Ɗansa namiji ɗaya ne, na girme shi da wata biyar. A gidanmu ba a cewa ɗan wan uba, ƙanena ne kawai, tabarmarmu ɗaya, kwanonmu ɗaya, ajinmu ɗaya.

Makarantar firamarenmu ba ta da malamin motsa jiki. To a garinmu in mutum ya taɓa sa kaki, an ɗauka babu abin da bai sani ba game da jikin ɗan Adam. Hedimasta ya zo har gida ya roƙi Baba Saja ya riƙa fitar da 'yan aji biyar da shida fili, Litinin da Laraba da Juma'a, kafin a shiga aji. Baba Saja ya goge tsohon takalminsa a ranar.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, aikinsa ya yi mana amfani. Ni da nake tari duk damina, tarin ya tafi bai yi sallama ba. Na fara cin tuwon dawa malmala biyu ina leƙen tukunya. Yaran da ke gyangyaɗi a darasin lissafi suka wartsake, har 'yan mata suka riƙa tsere da maza suna barin su a baya. Shi ya koya mana tsayuwa da ƙirji a buɗe, da shaƙar iska ta hanci, da yadda ake faɗuwa ba a karye ba. Har yau da furfura a gemuna ina hawa dutsen bayan gidanmu ban tsaya hutu ba, kuma na san wanda ya ba ni wannan.

Amma akwai dokarsa guda, wadda ya kwaso daga yaƙin da aka taɓa kai su wata ƙasa. Ya raba mu biyu-biyu, ya ce kowa da abokin raminsa. A can, in ji shi, mutum biyu ke kwana a rami ɗaya, in ɗaya ya yi sakaci dukansu ake binnewa. Don haka in aka yi gudu zuwa babban dutse aka dawo, wanda ya zo ƙarshe ba shi kaɗai zai sha bulala ba, har da abokin raminsa, shida-shida, da tsumagiyar tsamiya wadda ya jiƙa tun daren jiya. Ni na fi kowa gudu a ajinmu. Saboda haka ya haɗa ni da wanda ya fi kowa nawa, wato ɗansa.

Ƙanena ba malalaci ba ne. Yaro ne siriri mai dogayen yatsu, idonsa kullum da ɗan ruwan ɗorawa, ga ban dariya, yana iya kwaikwayon tafiyar kowane malami har ka riƙe ciki. Sai dai in sanyin damina ya shigo, ƙasusuwansa su kama ciwo, ya naɗe a tabarma yana cizon zane don kada ubansa ya ji. Kaka tana ce wa abin sanyin ƙashi. Ta binne 'ya'ya biyu da irinsa, don haka ba ta wasa da shi. Shi kuwa Baba Saja ya yi imani zufa ce maganin sanyi, in an gudu an jiƙe sharkaf ciwon zai bi zufa ya fita. Ga shi yana so yaron ya ƙarfafa kafin ya gama aji shida, a kai shi makarantar yaran soja. Kullum maganarsa ke nan, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Haka muka yi zango biyu muna shan bulala tare. Da farko ina tsayawa in kama hannunsa mu ƙarasa, ina jin kaina wani jarumi. Daga baya na koma jansa da ƙarfi. Daga nan na koma tura shi, ina dunguri, ina zagi. Ka yi tunanin yaro ɗan shekara goma sha ɗaya da ya san zai iya zuwa na ɗaya, amma sau uku a mako ana tuɓe masa riga a gaban 'yan mata ana tsula masa tsamiya saboda ƙafar wani. Dokar da aka kafa don in so ɗan'uwana ita ta koya mini ƙinsa, kuma na ƙi shi ƙi na gaske, har ba na son jin numfashinsa kusa da ni.

Kaka ta yi magana ba sau ɗaya ba. Da yarenmu take yi masa faɗa, in ta hasala ta juya Hausa don yara su ji. Ta ce a kan dutse inda ta tashi, samari sun fi na yanzu ƙarfi, kokawa suke tun suna tsirara, amma tsofaffi ne ke zaune bakin fili suna haɗa kowa da tsaransa, kuma da sun ga numfashin yaro ya canza sai su ɗaga sanda a raba. Baba Saja ya durƙusa ya saurare ta tsaf, don bai taɓa mayar mata da magana ba. Gari na wayewa ya ɗauki tsumagiyarsa.

Sai wata Juma'a cikin marka. Kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, dawa ta kai kafaɗa, hanya duk ta zama taɓo. Ƙanena ya tashi da ciwo a ƙugunsa na hagu. Na sani, don a gefena ya kwana yana nishi, na kuma ga lokacin da ya gwada tsayuwa ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Kaka ta tafi gona da sassafe duba inda ruwa ya karya kunya, babu mai tare masa. Ubansa ya leƙo ya ce, “Fito.” Ya fito.

Muka tashi gudu cikin yayyafi. Ba mu kai rabin hanya ba ya zauna a kan wani dutse, leɓɓansa sun yi fari. Ya ce, “Yaya, ba ni iyawa yau.” Bayana bai warke daga dukan Laraba ba, riga tana manne wa ciwon. Na mare shi. Na kama wuyan rigarsa na ja shi cikin taɓo, in ya faɗi in sa ƙafa in tashe shi. Ko da muka iso fili sauran yara sun daɗe a layi, ruwa na zuba a kansu, ba mai motsi.

Baba Saja ya dube shi yana rawar sanyi, ƙafa ɗaya a ɗage. Ina jin a ranar ko shi ya ɗan yi shakka, don bai ɗaga tsumagiya nan take ba. Ya juyo gare ni.

“Kai ne abokin raminai, tare kuka kwana. Gaya min gaskiya. Ciwo ne ko lalaci?”

Wannan tambaya ita ce ƙofa ɗaya da aka taɓa buɗe wa ƙanena, kuma a hannuna aka sa mabuɗin. Da na ce ciwo ne, da an mai da shi gida. Amma abin da ya zo mini shi ne, in na ce lalaci ne, laifin ya zama nasa shi kaɗai, yau bayana ya huta. Na ce, “Lalaci ne, Baba. Jiya ma na gan shi yana tsalle a bayan gida.” Ban gan shi ba. Jiya ko bakin ƙofa bai iya kaiwa ba.

Ƙanena bai ce ƙarya nake ba. Kallona kawai ya yi.

Baba Saja ya miƙo mini tsumagiyar ya ce, “To gyara abokinka. Naka da nashi, sha biyu.” Na karɓa. Zan so in ce maka hannuna ya yi rawa, amma bai yi ba. Na zuba masa sha biyu da dukan ƙarfina, tsamiya jiƙaƙƙiya tana naɗe haƙarƙarinsa, fata tana tashi, jini yana bin ruwan sama zuwa wandonsa. Da na gama, uban ya sa shi kama kunne, ya ce tsallen kwaɗo daga wannan ragar ƙwallo zuwa waccan. Ya cire bel ɗinsa yana biye da shi. Yaron ya yi tsalle bakwai, ina ƙirgawa. A na takwas ya kife, ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakin mutum ba. Bel ya sauka sau biyu, sau uku, kan ƙarfen ya fasa masa gira, bai ko kare kansa ba, ƙugun kawai ya riƙe.

Wata yarinya ce ta sulale ta kira kaka. Tsohuwa ta shigo filin da taɓo har gwiwa, fartanya a hannu. Ta nufi ɗanta kai tsaye. Ta juya ƙotar ta sauke wa Baba Saja a goshi, a gaban hedimasta da yara sama da sittin. Ƙato ya yi tangaɗi, jini ya rufe masa ido. Ta ƙara masa a kafaɗa. Ya tsaya ƙam, hannuwa a gefe, bai kauce ba. Sannan ta kwance zanenta na sama ta goya jikanta, ɗan shekara goma sha ɗaya, ƙafafunsa suna jan ƙasa, ta nufi bakin titi.

A asibiti aka gwada jininsa aka ce sikila ce. Likita ya ce sanyi da wahala da rashin shan ruwa su ne manyan abokan gabar mai wannan ciwo, wato daidai abin da muke ba shi sau uku a mako. An ƙara masa jini, ya yi mako biyar a kwance. Rai ya tsira, amma kan ƙashin ƙugun ya mutu. Ya dawo gida ƙafar hagu ta gajarce, ya fara tafiya yana jefa kafaɗa gefe, tafiyar da yake yi har yau.

Baba Saja bai sake taka filin makarantar ba. Bai ba da haƙuri ba, irinsu ba su san yadda ake yi ba. Ya sassaƙa wa yaron sanda, ya goge ta sumul, ya jingine a bakin ɗaki ba tare da ya ce ga ta ba. Har ya rasu bai tambaye ni abin da ya sa na faɗi abin da na faɗa ba. Ƙanena ma bai taɓa tayar da zancen ba, muka ci gaba da cin tuwo kwano ɗaya. Da ya zage ni ko sau ɗaya, da na fi samun sauƙi.

Ni da ƙanena ne maza na farko a gidanmu da ba su sa kaki ba. Kwalejin horon malamai na tafi, na karanci motsa jiki, aikin da nake yi ke nan yau a wata firamare. A can na koyi cewa ana ɗumama jiki kafin gudu, ana ajiye ruwan sha a bakin fili, ana tambayar iyaye lafiyar yaro kafin a sa shi a layi. Abubuwa ne masu sauƙi har sukan ba ni haushi.

Yanzu kuma zamani ya juya ta ɗaya gefen. Rabin filinmu an yanka an yi shaguna. A kan babur ake kawo yara, a kan babur ake mai da su, a gida kuma waya ce a hannu. Sai ka ga ɗan shekara goma ya zagaya fili sau ɗaya yana haki kamar wanda ya yini yana noma. Iyaye suna aiko mini da takarda, wai kada a wahalar musu da yaro. Nakan ce musu jikin yaro gudu yake so kamar yadda yake son tuwo, in an hana shi, aji ma ba zai zauna masa ba. Wasu su ji, wasu su ce ai jinin sojoji ne ke damuna.

Farkon zangon nan ƙanena ya rufe shagon ɗinkinsa a Rikoto ya kawo 'yarsa makarantarmu, 'yar shekara bakwai mai tsalle-tsalle. An gwada ta tun tana jaririya, ba ta da ciwon. Ya same ni a bakin fili, ya jingina da sandarsa yana kallon yara suna tsallen igiya.

Ya ce, “Yaya, ga ɗiyarka nan. Ka sa ta gudu sosai, kada ka bar ta zaune don ni. Ni ma ina son gudun nan, ƙafar ce ba ta so.”

Na ce to.

Ya gyara riƙon sandar. “Abu ɗaya dai. Ran da ta ce maka ciwo take ji, ka yarda da ita. Ko da ƙarya take yi.”

Na buɗe baki don in faɗa masa maganar da na riƙe shekara talatin. Kafin in fito da ita ya riga ya juya, yana jefa kafaɗa, ya nufi ƙofar makaranta. Yarinyar ta ja hannuna ta ce, “Baba, a wane layi zan tsaya?”