Numfashin da Ke Bayan Mawaƙiya

A garin Clarksdale, duk wanda ya tsinci tsohon faifan garmaho shagon askin Lemuel Tarver yake nufa. Kamfanonin faifai na da can, Allah wadai, sunan mawaƙi kaɗai suke rubutawa, mai busa harmonika, ɗan abin busan nan na baki, a bayansa kuwa ko oho. Lemuel ke zaƙulo sunayen. Ba busar yake saurara ba. Babban yatsa yake ɗorawa a bakin faifan ya rage masa gudu, har waƙar ta koma gurnani, sai numfashin mai busa ya fito fili. A cewarsa kowa na iya satar salon wani, amma ba a satar numfashi.

A gida ya koya. Ubansa Eldridge mabushi ne mai wushirya, in ya ja iska sai ka ji siririn fito. Shekarar babbar ambaliya aka tafi da shi aikin tare ruwa, bai dawo ba. Aka binne akwati ba gawa, sai hularsa a ciki. Uwarsa Ozella ba ta sake aure ba. Ga Lemuel da furfura, ita kuwa tana kwance a ɗakin bayan shago, ƙafafu sun daɗe da ƙin ta, kullum tana yabon mijin da ruwa ya ƙwace mata.

Wata Asabar da rana tsaka Cleophus dillalin tarkace ya shigo da faifai a hammata.

"Kunnen jemage, ga wanda zai kunyata ka yau."

Lemuel ya ce ya zauna, bakinsa ya fi kayansa tsufa. Ya ɗora allura. Wata mata ce a Memphis take waƙar ambaliyar nan, tana lissafa garuruwan da ruwa ya ci. Ya sa yatsa. Muryarta ta nutse, ƙarar fanka ma kamar ta ja baya. Sai ga shi, siririn fito a kowane jan iska, kusa ƙwarai, kamar mutum na tsaye a bayan kujerar aski.

Tsigar jikin Lemuel ta tashi. Wanda ambaliya ta ci, ina zai busa a waƙarta? Ashe ubansa bai mutu ba, tafiyarsa ya yi. Ga baƙin ciki, ga tsoron kada tsohuwa ta ji.

Cleophus ya tambayi ko wane ne. Lemuel, wanda bai taɓa yi wa faifai ƙarya ba, ya ce bai san shi ba. Ya kai hannu zai ɗaga allura, ya makara. Mai busar ya rufe waƙar da ɗan gajeren kira, wanda Eldridge kan busa a bakin shinge in ya dawo daga gona, don a buɗe masa.

Gado ya yi ƙara a ɗakin baya. Sai jan ƙafa. Ozella ta fito tana dafa bango, ta wuce su ko kallo babu, ta zare sakatar ƙofar raga ta tura. Titi wayam, sai zafin rana.

"Mama, faifai ne."

Ba ta juyo ba. Ta gyara wuyan rigarta, ta ɗan matsa gefe kamar mai ba wani hanya.

"Lemuel, ɗauko masa tawul. A jiƙe yake."

Lemuel ya zaro tawul ɗin aski daga kafaɗarsa ya miƙa mata.