Ganyen Bado Bakwai

Jiya na ga ganyen bado a wani kududdufi a Hanwa, sai Baba ya faɗo mini a rai.

Tela ne a Sabon Gari. Wani Bature ɗan Firisiya, mai binciken gona a Samaru, ya taɓa kawo masa ɗinkin tutocin mutanensu guda uku: ta yamma a Holan, ta gabas da ta arewa a Jamus. Jama'a ɗaya ce, iyaka ta raba su. Ta yamman ratsin shuɗi da fari ce, da jajayen alamu bakwai. Baba ya yanka su siffar zuciya. Baturen ya ce a'a, ganyen badon tafkunan garinsu ne. Baba ya je ya tsinko na gaske, ya sake ɗinka sabuwa. Ta farkon ta zama rufin keken ɗinkinsa.

Zuwana na ƙarshe, idanunsa sun tafi, yana shafa ta ya ce, "Uwata, mai kewar gida ba a yi masa ɗinkin dama-dama."

Tutar tana akwatina, har yau tana ƙamshin man keke. Yanzu ni ce mai kewar, kewar Baba, kuma babu telan da zai gyara mini. Allah ya haskaka kabarinka, Baba.