Burodin Japan a Murhun Gidana

A daminar da 'yata ta daina cin abinci, na dafa abincin mutanen Japan a tsakar gidana a Kudan. Sau ɗaya na yi, ban sake ba.

Ita ce 'yar farina. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zaman hira da shi. Haka na taso, haka na yi. Uwarta ta rasu da wuri, yayata ce ta raine ta. Ni ina gonakin rake tsakanin Kudan da Makarfi, ina sara, ina dafa mazarƙwaila. A can injin matse rake ya cinye mini yatsu biyu.

Ta yi aure a Ikara. Ta haihu, jaririn bai zo da rai ba. Mijin ya kawo ta gida ta huta. Ta kwanta, ta juya wa abinci baya. An dama kunun kanwa, an yi fate, an yanka kaza, duk ta kau da kai. A asibiti suka ce in ta ci gaba haka sai an kwantar da ita. Wuyan hannunta ya koma kamar karan dawa.

Waya kawai take kallo, kuma abu ɗaya take maimaitawa. Wata mata ce ke tsaga dogon burodi, ta kwantar da mulmulallen nama a ciki, ta sa kabeji, ta zuba wani baƙin romo da mayonis, sannan ta barbaɗa wani koren gari. Nakan wuce ta bayanta kamar ina neman buta, in saci kallo. Tambayarta dai ba zan iya ba.

Yaya ce ta tambaya. Ta dawo ta ce, "Wai hotdog sunansa, na Japan. Ashe ba babur kaɗai suke ƙerawa ba."

Ranar kasuwar Makarfi na sayo burodi da kabeji da kwalbar mayonis. Mahauci ya niƙa mini naman shanu, na mulmula shi dogo, na gasa a garwashi kamar tsire. Baƙin romon kuwa, na narka mazarƙwaila da daddawa da citta. Saura koren garin. A duniya koren gari ɗaya na sani, na miyar kuka.

Yaya tana kan kujera tana kallona.

"Namiji da furfura a gindin murhu! In ara maka zane?"

"Yaya, miƙo wuƙa."

Na barbaɗa garin kukar da yawa, don kada a ce na yi rowa. Yana haɗuwa da romo mai zafi ya kama yauƙi. Na miƙa wa Yaya farantin ta kai.

"Allah ya kiyaye. Kai ka dafa, kai za ka kai abin kunyarka."

Na daɗe tsaye a ƙofar ɗakin kafin na yi sallama. Na ajiye, na ce, "Ke, ga shi."

Ta ɗaga burodin, yauƙi ya biyo shi har faranti.

"Baba, garin kuka ne wannan?"

"Shi na gani kore."

"Ciyawar teku ce fa suke sawa."

"Babu teku a Kudan."

Wata 'yar dariya ta kuɓuce mata, ta farko tun dawowarta. Ta gutsura. Da na juya zan fita sai ta ce in zauna. Na zauna a dokin ƙofa ina kallon ƙasa. Ban taɓa zama da ita haka ba. Ta ci rabi, ta ce daddawar ta yi yawa. Ragowar kuwa, ko kaji sai da suka yi shawara kafin su ci.

Washegari ta nemi koko. Ba ta warke nan take ba, ta ɗauki lokaci, amma ba a kwantar da ita ba. Bayan kaka ta koma Ikara.

Yanzu ina nan Kudan. Gwiwa ta hana ni sara, rake nake sayarwa a bakin titi. Takan kira ni a waya ta tambayi abin da na ci. Har yau ban kira sunanta ba. Kwalbar mayonis ɗin tana kan taga, ƙusoshi nake zubawa a ciki.